TEKU MA YANA DA DAMINARSA: TARIHIN YADDA AKA GANO GONAR KIFI

Tambayar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu wanda ya ce shi manomi ne da damina, in rani ya yi kuma sai ya shiga fataucin bandar kifi. Ya ce shi dai ya san kifin kogi yana da lokaci, tun da kogi yana cika yana janyewa. Amma teku ba ya ƙafewa, ba ya kuma jiran ruwan sama, to don me ake cewa kifin teku ma yana da lokacinsa? Yana kuma so ya san abin da kifi ke ci a tsakiyar ruwan gishiri inda babu ciyawa, da kuma ko su wane ne suka fara gano wannan al'amari.

To, malam mai tambaya, mun gode da wasiƙarka. Amsar a taƙaice ita ce, teku ma gona ce, akwai lokacin da take yin kore shar, akwai kuma lokacin da take zama fako. Sai dai kafin mutane su fahimci haka an yi fiye da shekara 100 ana bincike ana gardama, har wata ƙasa ta tafka asarar da ba ta manta da ita ba. Gyara zama ka sha labari.

SHUKAR DA IDO BA YA GANI

Ka san gansakukar nan da ke sa ruwan kududdufi ya yi kore? To a teku akwai danginta. Su ƙwaya ɗai-ɗai suke yawo cikin ruwa, ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin nan na likitoci mai ƙara girman abu ake ganinsu. In ka ɗebi ruwan teku cikin moɗa guda, akwai dubban dubatarsu a ciki. Ba su da saiwa, ba su da ganye, amma kamar gero da dawa da hasken rana suke haɗa abincinsu. Suna kuma bukatar taki, musamman naitirojin, wato sinadarin da ke cikin yuriya, da fosfaras, wanda ke cikin takin sufa. Masana na kiransu faitofilankiton, amma mu a nan bari mu ce da su gansakukar teku. Wasunsu suna da ɓawo mai kama da gilashi, ana ce musu dayatom. Ka riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Yadda suke yaɗuwa shi ne ƙwaya ɗaya ta rabe biyu, kuma in hali ya yi kyau takan yi haka kusan kullum. Kai ɗan kasuwa ne, buga lissafi: ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, cikin kwana 10 an wuce 1,000, cikin kwana 20 an wuce miliyan. Shi ya sa cikin mako biyu ko uku ruwa mai faɗin ɗaruruwan kilomita kan juye daga shuɗi zuwa kore. Wasu 'yan halittu masu kama da jatan lande, waɗanda ba su fi ƙwayar gero girma ba, su ke kiwon wannan gansakuka. Ƙananan kifi su ci waɗannan, manyan kifi su ci ƙanana, mu kuma mu ci manyan. In ka auna nauyin gansakukar teku duka, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tsirran duniya ba, amma saboda saurin haihuwarta, kusan rabin abincin da hasken rana ke samarwa a duniya kowace shekara aikinta ne.

BAJAMUSHE DA RARIYAR SILIKI

Mutumin da ya fara ɗaukar teku a matsayin gona da za a iya auna amfaninta shi ne Victor Hensen, wani shehun malami a jami'ar Kiel ta ƙasar Jamus. Shi ne ya raɗa sunan filankiton a shekarar 1887, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke gantali, ruwa na kai shi inda ya ga dama. Ya ɗinka raga da siliki mai ƙananan ido irin na rariyar masu niƙa, ya riƙa zura ta cikin ruwa yana jawowa, sannan a zauna a ƙirga abin da ta kamo ɗaya bayan ɗaya. A 1889 ya ɗauki jirgin ruwa mai suna National ya zagaya tekun Atilantika yana wannan aiki.

Abin da ya gano ya ɗaure wa mutane kai. Kowa ya zaci tekun ƙasashe masu zafi, inda rana take a wadace, shi zai fi albarka, kamar yadda kurmi ya fi ƙasar ƙanƙara itatuwa. Ashe ba haka ba ne. Ruwan arewa mai sanyi shi ne cike da gansakuka, na wurare masu zafi kuwa kusan wayam. Wasu manyan malamai suka ce ƙirgarsa ce ba daidai ba, aka yi ta cacar baki. Amma ruwa ba ya tsami banza, sai aka shiga neman dalili.

Wani abokin aikinsa a Kiel, Karl Brandt, ya ɗauko darasi daga wajen manoma. Tun wajejen 1840 masanin sinadarai Justus von Liebig ya yayata cewa abin da ya fi ƙaranci a gona shi ke yanke yawan amfani. Wato in gonarka sufa take nema, ko buhu nawa na yuriya ka zuba ba za ta biya ka ba. A 1899 Brandt ya ce haka abin yake a teku, ƙarancin taki ne ke hana gansakuka yaɗuwa. Daga nan a 1906 wani malami, Alexander Nathansohn, ya nuna inda takin yake maƙalewa.

Ga yadda abin yake. Hasken rana ba ya shiga ruwa da nisa, da ƙyar yake wuce mita 100 ko 200 da ƙarfinsa, alhali zurfin teku a tsaka-tsaki ya kai wajen mita 3,700. Ke nan gansakuka a saman ruwa kawai za ta iya rayuwa. Duk abin da ya mutu kuwa, da kashin dabbobin ruwa, nutsewa yake ya ruɓe can ƙasa cikin duhu. Ka ga ke nan haske yana sama, juji yana ƙasa. Daɗin daɗawa ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, yana zama a kansa kamar yadda man gyaɗa ke tasowa a kan ruwa. A ƙasashe masu zafi wannan murfi na ruwan ɗumi ba ya ɗaguwa duk shekara, takin ba ya samun hanyar tasowa. Ruwan nan shuɗi garau mai ban sha'awa da kake gani a hoto, a wajen kifi hamada ne. A arewacin duniya kuwa, hunturu yana sanyaya saman ruwa ya yi nauyi ya nutse, guguwa ta zo ta dama shi, sai takin ƙasa ya taso, kamar yadda garma ke juyo ƙasa in ana huɗa. A shekarun 1920 wani masani a Plymouth ta Ingila, W. R. G. Atkins, ya yi ta auna fosfaras a ruwan mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa wata bayan wata. Ya tarar da hunturu yana cika, daga Afrilu zuwa tsakiyar shekara kuma gansakuka ta shanye shi kusan ƙaf.

RIBA DA UWAR KUƊI

To amma in taki ne kaɗai, me ya hana gansakukar tashi tun cikin hunturu, lokacin da takin ya fi yawa? Wasu 'yan ƙasar Norwe biyu, Haaken Gran da Trygve Braarud, su suka fara kama bakin zaren a 1935. Sun yi aiki a mashigin Fundy na gabashin Kanada, inda ruwan teku ke hawa da sauka fiye da ko'ina a duniya. Taki ga shi nan jibge, amma gansakuka kaɗan ce, saboda ruwan ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana jan ta zuwa ƙasa cikin duhu.

Wanda ya mayar da wannan tunani lissafi shi ne Harald Sverdrup, shi ma ɗan Norwe, a 1953. Ya yi amfani da awon da wani jirgin duba yanayi ya yi a tekun Norwe a farkon watannin 1949. Bayaninsa ɗan kasuwa zai fi kowa gane shi. Duk lokacin da ƙwayar gansakuka take sama cikin haske, riba take ci. Duk lokacin da ruwa ya kai ta ƙasa cikin duhu, ba ciniki, ga kuma cefane, sai ta riƙa cin uwar kuɗi. Da hunturu rana gajera ce, kuma ruwa yana damuwa har zurfin ɗaruruwan mita, saboda haka zaman duhu ya fi zaman haske yawa, faɗuwa ake yi. In watan Maris da Afrilu suka kama, rana ta ƙara tsawo, iska ta lafa, saman ruwa ya ɗan yi ɗumi, sai murfin nan ya dawo ya tsare gansakukar a sama, a cikin takin da hunturu ya bari. Ranar da riba ta rinjayi cefane, ranar ce daminar teku ta faɗi.

Ba ta daɗewa. Cikin 'yan makonni takin saman ya ƙare, masu kiwonta kuma sun hayayyafa sun far mata kamar yadda garke ke shiga gona bayan girbi. Sai ruwa ya koma shuɗi. Wajen Satumba da Oktoba, in iska ta fara kaɗawa ta ɗan taso da taki alhali da sauran haske, akan sami wata 'yar ƙaramar tashi, kafin duhun hunturu ya rufe.

Masana ba su tsaya nan ba. A 2010 wani Ba'amurke, Michael Behrenfeld, ya duba awon shekaru da dama ya ce gansakukar arewacin Atilantika tana soma ƙaruwa tun tsakiyar hunturu. Dalilinsa shi ne, in ruwa ya damu da zurfi, yana warwatsa gansakukar da masu cinta, su daina haɗuwa da sauƙi, sai ta sami sararin ƙaruwa a hankali. Aka yi ta muhawara a kan wanne ya fi nauyi. Abin da aka haɗu a kai shi ne abu uku ne ke juya lamarin: taki, da haske, da bakin masu kiwo.

Yanzu ga inda kifi ya shigo. A 1914 shugaban binciken kamun kifi na Norwe, Johan Hjort, ya buga sakamakon wani dogon aiki. Sun gano ana iya sanin shekarun kifi daga zoben da ke jikin ɓawonsa. Da suka duba, sai suka ga yawancin kifin herin da masunta suka yi shekaru suna kamawa, duk haihuwar shekara ɗaya ce, 1904. Hjort ya ce abin da ke raba shekarar albarka da ta tsiya shi ne 'yan kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa: in ɗan kifi ya buɗe baki ya tarar da abinci ya rayu, in bai tarar ba ya mutu. Daga baya wani Baturen Ingila, David Cushing, ya faɗaɗa maganar, ya ce kifi yana zuba ƙwai ne kusan lokaci ɗaya kowace shekara, ita kuwa gansakuka wata shekara ta yi sammako, wata shekara ta makara. Kai da ka taɓa shuka da ruwan farko sannan sama ta ɗauke kwana 20, ka san abin da ake nufi. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kawowa kasuwannin Nijeriya daga Norwe, a tsibiran Lofoten ake kama da yawansa tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da yake zuwa zuba ƙwai gab da tashin gansakuka.

ƘASAR DA TA CI DA KASHIN TSUNTSU

Mun ce tekun wurare masu zafi hamada ne, amma akwai 'yan wuraren da suka fita zakka, kuma iska ce sanadi. Tsakanin 1893 da 1896 Fridtjof Nansen ya bar jirginsa mai suna Fram ya daskare cikin ƙanƙarar ƙuryar arewa, ya lura ƙanƙarar ba ta bin iska sak, tana karkata dama. A 1905 wani matashi ɗan Suwidin, Walfrid Ekman, ya nuna juyawar duniya ce ke jawo haka: a arewacin duniya iska na tura saman ruwa zuwa dama, a kudanci zuwa hagu. Saboda haka in iska tana bin gefen gaɓa ta fuskar da ta dace, sai ta kore ruwan sama zuwa tsakiyar teku, ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso ya maye gurbinsa. Haka ke faruwa a gaɓar Peru da Chile, da Kalifoniya, da Namibiya, da kuma daga Maroko zuwa Muritaniya da Senegal. Waɗannan wurare ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar na kifin tekun da ake kamawa daga nan yake fitowa.

Peru, a yammacin Amurka ta Kudu, ita ta fi su duka. Ko a can ma maganar Sverdrup ba ta faɗi ba: iska ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, amma lokacin gajimare ya rufe rana kuma ruwa yana damuwa da zurfi, don haka ruwan ya fi yin kore daga Disamba zuwa Afrilu. Gansakukar nan tana ciyar da wani ɗan kifi da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ana ce masa ancobeta. Miliyoyin tsuntsayen teku suna cinsa, su koma tsibirai su yi kashi. Da yake gaɓar Peru hamada ce, ruwan sama ba ya wanke shi, sai kashin ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, har a tsibiran Chincha tudunsa ya wuce mita 30. Sarakunan Inka na dā sun san darajarsa, an rubuta cewa hukuncin kisa suke yi wa wanda ya taɓa tsuntsayen lokacin da suke kwanci.

Masanin nan na Jamus Alexander von Humboldt ya ga wannan taki a 1802, ya kai samfurinsa Turai aka auna, aka tarar cike yake da naitirojin da fosfaras. Daga wajen 1840 jiragen ruwa suka yi layi. Cikin shekara 40 an kwashe fiye da tan miliyan 10 zuwa gonakin Ingila da Amurka da sauransu. Aikin haƙarsa azaba ne, ƙura mai wari tana cin ido da huhu, aka kawo leburori daga ƙasar Sin da yarjejeniyar da ba ta da maraba da bauta. A 1856 Amurka ta yi dokar da ta ba 'yan ƙasarta damar kafa tuta a duk tsibirin da ke da kashin tsuntsu in ba shi da mai shi. A 1864 Sifen ta mamaye tsibiran Chincha da jiragen yaƙi. Gwamnatin Peru kuwa ta yi ta cin bashi da sunan takin da ba a haƙa ba tukuna. Abin da tsuntsaye suka tara a ɗaruruwan shekaru aka cinye a zamani ɗaya, a 1876 ƙasar ta kasa biyan bashinta. Ba a jima ba, a 1913, Jamusawa suka buɗe wata masana'anta mai haɗa takin naitirojin daga iska, kakan yuriyar da kake saye yau.

Sai aka koma kan kifin kansa. Daga shekarun 1950 aka cika garuruwan gaɓa irin su Chimbote da injinan niƙa ancobeta a mai da shi garin kifi, abincin kaji da aladun Turai da Amurka. Peru ta zama ta ɗaya a duniya wajen kamun kifi. Masana suka ba da shawarar kada a wuce tan miliyan 9 da rabi a shekara, amma a 1970 sai da aka kama wajen tan miliyan 12.

Masuntan arewacin Peru sun daɗe da sanin cewa wajen Kirsimeti wani ruwa mai ɗumi yakan zo, suka sa masa suna El Ninyo, wato Yaron, suna nufin Annabi Isa. Wasu shekaru yakan zo da ƙarfi ya daɗe. Iskar da ke tura ruwan ɗumi zuwa yammacin tekun Fasifik ce ke raunana, sai ruwan ya dawo ya yi wa gaɓar Peru murfi mai kauri. Ko iskar gaɓa ta ci gaba da kaɗawa, abin da ke tasowa ruwan ɗumi ne marar taki. A 1972, shekarar da fari ya soma tsananta a ƙasashenmu, irin wannan ya auku. Gansakuka ta yi ƙaranci, kifin da ya rage ya cunkushe a 'yan wuraren da ke da sauran sanyi kusa da gaɓa, jirage kuma suka bi shi can suka yi ta kwasa, har da irin da zai haifi na baɗi. A 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba. Masana'antu suka rufe, dubban mutane suka rasa aiki. Tsuntsayen da suka haura miliyan 20 a tsakiyar shekarun 1950 suka koma 'yan miliyoyi ƙalilan. Masu kiwon kaji a duniya suka ruga neman waken soya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har a watan Yunin 1973 Amurka ta dakatar da fitar da shi na ɗan lokaci. Sai da aka yi wajen shekara 20 kafin kifin ya farfaɗo sosai. An dai ɗauki darasi: a 2023, da ruwan ɗumi ya sake zuwa kuma aka ga yawancin kifin ƙanana ne, gwamnatin Peru ta soke zangon farko na kamun shekarar a babban yankin kamun ƙasar.

ƘARFE DA ƘURAR HUNTURU

Saura wata matsala guda. Akwai manyan yankuna, kamar tekun da ya kewaye ƙuryar kudu da tsakiyar Fasifik, inda naitirojin da fosfaras suke a wadace, haske ma akwai a lokacinsa, amma gansakuka ba ta tashi yadda ya kamata. Wani Ba'amurke, John Martin, ya ce sinadarin ƙarfe ne babu. Auna shi ya yi wuya, domin jirgin da wayar da ake zura kwalba duk ƙarfe ne, suna ɓata awo, sai da ya koma amfani da kayan roba da aka wanke tsaf. A 1988 ya buga sakamakonsa. Ya rasu a 1993, 'yan watanni kafin abokan aikinsa su gwada maganarsa kusa da tsibiran Galapagos, inda suka zuba kusan rabin tan na narkakken ƙarfe a ruwa, gansakuka ta motsa. Da aka sake gwadawa a 1995, cikin kwanaki ruwan ya juye kore.

To ina tsakiyar teku ke samun ƙarfe? Mafi yawa daga ƙura, kuma a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanka. A watan Janairun 1832 masanin halittu Charles Darwin yana cikin jirgi kusa da tsibiran Kef Bade, yamma da Senegal, ya ga ƙura mai laushi tana sauka a kan jirgin. Aka aika samfurin irin wannan ƙura ga wani masani a Berlin, Christian Ehrenberg, ya duba da madubi ya tarar da ɓawon dayatom na ruwan daɗi a ciki. Darwin ya ce daga Afirka take, tun da a watannin iskar hunturu take faɗowa.

A yau an san ɗaya daga cikin manyan wuraren da irin wannan ƙura ke tashi a duniya shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi. Wajen shekara 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, kakan tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya fi ƙasar Ghana. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi, yawancinta ɓawon dayatom ɗin da suka rayu a cikinsa. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Hazon nan da ke rufe Kano da Damagaram da Maiduguri da hunturu, mai yawansa daga can yake. Wani ya sauka a gonarka ya ɗan ƙara mata taki, wani ya wuce ya faɗa Atilantika da ƙarfe da fosfaras. A can akwai wata irin gansakuka mai jawo naitirojin daga iska, irin aikin da wake da gyaɗa ke yi wa gona, kuma ba ta iya wannan aiki sai da ƙarfe mai yawa.

GANI YA KORI JI

Yawancin waɗannan malamai da guga da raga suka yi aikinsu, wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A 1978 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam mai suna Nimbus 7 ɗauke da na'urar auna launin ruwa, ta yi aiki har 1986, wata mai suna SeaWiFS ta biyo baya daga 1997 zuwa 2010. Sai ga gonar duka a hoto. A arewacin Atilantika ana ganin koren yana hawa daga kudu zuwa arewa tsakanin Maris da Yuni, kamar yadda damina ke faɗuwa a Ikko kafin ta iso Katsina. A gaɓar Somaliya da Oman yana tashi daga Yuni zuwa Satumba, in iskar damina ta Indiya ta kaɗa.

Mafi kusa da mu shi ne gaɓar Ghana da Kwaddibuwa. A can ruwan sanyi yana tasowa daga Yuli zuwa Satumba, da wani ɗan ƙarami wajen Janairu. Watannin nan ne lokacin kifin sadin, masu kwalekwale a Elmina da Tema su cika raga, mata su banda shi, fatake su yi arewa da shi zuwa Kumasi da Tamale. 'Yan uwanmu na zango sun san lokacin da kwando ke araha. Amma yawan kamu ya sa kifin ya ragu ƙwarai tun bayan shekarun 1990, har a 2019 gwamnatin Ghana ta hana masu kwalekwale fita su na wata guda don kifi ya samu ya zuba ƙwai. Gaɓar Nijeriya kuwa ba ta samun wannan tasowar ruwa da ƙarfi, wannan na cikin dalilan da suka sa kifin ƙanƙara irin su taitus daga tekun arewa mai sanyi ake kawo shi.

Saboda haka malam, in ka ji an ce kifin teku ya yi tsada ko ya yi araha, tambayoyin da za ka yi su ne waɗanda ka saba yi a gona. Taki ya taso? Rana ta samu a kan kari? 'Ya'yan kifi sun dace da abinci? Sannan ta huɗu, wadda ke hannun ɗan Adam: an bar iri, ko an haɗa da shi an sayar? Ukun farko ba mu da iko a kansu, kuma ɗumamar duniya tana ƙara wa murfin ruwan ɗumin nan ƙarfi a wurare da yawa. Ta huɗun tana cikin abin da ya kayar da Peru a 1972, ita ce kuma kowace ƙasa mai gaɓa za ta iya gyarawa.